Waiwaye: Ƙafa Ɗaya a Gaba, Ƙafa Ɗaya a Baya

A arewacin Kamaru ba inji ne ke fara gajiya a jikin mota ba, ƙafafun gaba ne. Tun 1974, da layin dogo ya iso Gaundare ya tsaya nan, mafi yawan kayan da za su Garwa, Marwa, Kusiri har Injamena a bayan manyan motoci suke ƙarasa tafiyarsu, bisa babbar hanya mai lamba 1. Da rani ga motocin audugar SODECOTON, ga masu ɗauko siminti daga Figil. Kwalta ta sha wannan nauyi, damina ta zo ta jiƙa ƙarƙashinta, sai ta buɗe baki. Ƙaramar motar da ta faɗa rami da gudu, dukan a hannun ƙasa yake sauka, wanda makanikan Garwa ke kira tiriyangil, daga nan ya haura zuwa shokazoba da bushin da boljoyin. Abin da rami ya rage kuma zafin Maris da Afrilu, mai wuce digiri 40, shi ke ƙarasa shi, domin roba ba ta jure wannan rana shekara da shekaru.

Saboda haka sauya kayan ƙafa ba baƙon aiki ba ne a garejojinmu. Abin da ke haddasa rigima shi ne abin da kan biyo baya. Mai mota ya biya kuɗin kaya, ya biya na aiki, an sauke motar daga jak, ya ja da baya don ya more kallonta, sai ya ga ƙafar dama ta matsa baya, tana neman taɓa bodi ta wajen ƙofa, ta hagu kuwa tana zaune daram a tsakiyar gidanta. Nan take zargi ya tashi. Shi ya ce makanike ya ɓata masa mota. Makanike ya ce mai shago ya sayar da jabu. Mai shago ya ce haka kayan suka zo a kwalinsu. Na ga zumuncin shekaru ya yi tsami a kan wannan magana, alhali cikin su ukun babu wanda ya ɗauki abin awo.

Da ba haka abin yake ba, ko in ce bai kai haka ba. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 suna tune da lokacin da Peugeot 504 ce sarauniyar hanya daga Garwa har Yola, mota guda da ake haɗawa a Kaduna, wadda kowane makanike ya san ta ciki da waje. Idan ƙarfe ya lanƙwashe, akwai irinsa goma a gari da za a gwada shi da su. Sai aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota da sabon kayan kamfani suka fi ƙarfin talaka, tsofaffin motocin Turai suka cika tashar Duwala. Carina, Corolla, Starlet, daga baya Yaris. Kusan dukkansu da ƙafafun gaba suke ja, kuma a da yawa daga cikinsu hannuwan ƙasa ba a jikin bodi kai tsaye suke ɗaure ba. A kan wata shimfiɗar ƙarfe suke, wadda ake kira barso, ita kuma an ɗaure ta da bodi da 'yan manyan kusoshi. Kaya kuma suka riƙa shigowa ta kowace kusurwa: na gwanjo daga Duwala, sababbi daga Nnewi da kasuwar Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu daga Dubai, wasu daga Sin. Motoci suka yi yawan iri, kaya suka yi yawan kama da juna, amma hanyar koyon sana'a ta tsaya inda take: yaro ya kalli maigidansa, ya kwance, ya ɗaura.

Wani ƙanen matata yana jigila da Corolla tsakanin Garwa da Figil. Wata damina motar ta fara ƙara a gaba, ya lallaɓa ta har kaka, ya tara kuɗi ya sauya shokazoba biyu da tiriyangil biyu da boljoyin. Da aka gama sai ga ƙafar dama a baya. Yatsu uku ke shiga tsakanin taya da bodi a dama, a hagu kuwa tafin hannu ne sukutum. Ya yi kwanaki yana kai-komo tsakanin gareji da shago, rai a ɓace, har aka fara maganar a kwance kayan a mayar. Daga ƙarshe muka kai ta wurin wani dattijon makanike da ya rage aiki, sai dai kallon yara da ba da shawara.

"Baba, jabun kaya aka sa mini," in ji shi tun kafin ya gama gaisuwa.

Dattijon ya zagaya motar bai taɓa ta ba. "Ɗana, kafin a kwance, wa ya auna ta?"

"Ba wanda ya auna, Baba."

"To ta yaya ka san jiya ba haka take ba?"

Wannan tambaya ita ce kan maganar duka, kuma tun daga ranar nake juya ta. Ba ma kallon motarmu da idon basira sai ranar da muka biya kuɗi. Wata shida mutum yana hawa yana sauka, bai taɓa tsugunawa ya gwada tazarar taya da bodi ba. Ranar gyara kuwa idonsa ya buɗe, duk aibin da ya gani sai ya ɗora wa hannun da ya taɓa motar a ƙarshe.

Dattijon bai ɗauki sifana ba. Ya sa aka tura motar kan daɓen siminti mai daidai, aka duba iskar tayoyi huɗu, ya karanta lambobin jikin tayoyin gaba don ya tabbata girmansu ɗaya, ya duba ko rim ɗin iri ɗaya ne. Ya sa aka miƙe sitiyari, aka tura motar gaba da baya kaɗan don ƙafafun su zauna, domin motar da aka sauke daga jak yanzu-yanzu ba ta koma mazauninta ba tukuna, kuma sitiyarin da ya ɗan karkace yakan tura tsakiyar ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ya ba da awon ƙarya. Sannan ya ce a manta da bodi. Wannan ya ba mu mamaki, tunda a jikin bodin muka ga matsalar. Ya ce murfin taya gwangwani ne, mai gyaran bodi na iya cire shi ya mayar a karkace, ko a sa na wata mota, ko bamba ta ja shi. Motoci nawa aka kwance wa ƙafa a banza, alhali gwangwanin ne ya goce?

Awon gaskiya daga tsakiyar ƙafar gaba ne zuwa tsakiyar ƙafar baya, a dama, sannan a hagu. Da aka ja tef, dama ta gaza hagu da kusan santimita ɗaya da rabi. Masu saitin ƙafa da yawa ba sa ɗaga hankali a kan bambancin da bai wuce milimita 6 ba, domin ko sabuwar mota ba ta rasa ɗan saɓani. Wannan kuwa ya ninka haka. Amma ko a nan bai yanke hukunci ba. Ya ce tazara tsakanin abu biyu ce, wa ya ce na gaban ne ya matsa? Ya shiga ƙarƙashi ya nemo ramukan da kamfani ya huda a jikin shasi, biyu masu kallon juna a dama da hagu, ya auna daga can zuwa ƙafafun baya. Suka zo daidai. Ya auna zuwa boljoyin na gaba. Nan bambancin ya fito. Ya auna tsayin motar daga ƙasa a kowane gefe, ko wani sifirin bai zauna a gurbinsa ba. Lafiya lau.

Haka maɗori yake yi: ba ya ɗora karaya sai ya gwada ƙafar da ta karye da mai lafiya. Mota ma Allah ya sa gefe biyu gare ta, kowane gefe shaida ne a kan ɗan'uwansa.

Sai aka zo kan sababbin kayan da ake zargi. Ya auna kowane tiriyangil daga tsakiyar bushin gaba zuwa boljoyin, daga bushin baya zuwa boljoyin. Dama da hagu ba su saɓa ba. Aka yi sa'a tsofaffin suna cikin but, ba a sayar wa masu jari-bola ba. Ya kifa na dama a kan na hagu, baki da baki. Na dama ya ɗan rusuna baya, lanƙwasar da ido ba zai kama ba sai an haɗa su. Ya ɗago ya kalli ƙanen matata. "Wane rami ka faɗa da ƙafar dama?" Yaron ya yi shiru, can ya tuna: bayan Pitowa, da daddare, ana ruwa, har rim ya lotsa aka buge shi.

Abin da ya rage shi ne barso. Dattijon ya goge gindin manyan kusoshin da tsumma, ya haska da tocilan. A gefen wosha ta kusar dama, wato faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin kanta, akwai wani ɗan zane kamar jinjirin wata, inda woshar ta zauna shekaru kafin shimfiɗar ta zame. Ramukan waɗannan kusoshi sun ɗan fi kusoshin faɗi, don a samu sauƙin haɗawa a kamfani, kuma duka mai ƙarfi na iya tura shimfiɗar iyakar wannan rata. Sai ya nuna mana abin da ya wanke mutum biyu a lokaci guda. Zanen ba ya ƙyalli. Ya yi tsatsa, jar ƙasa ta like a kai. Da makon nan aka sassauta kusoshin shimfiɗar ta goce, da ƙarfen wurin fari ne tas. Wato tun daren ramin Pitowa ƙafar take baya. Makaniken farko bai ture ta ba, mai shago bai sayar da jabu ba. Sabon tiriyangil ma rage karkatar ya yi, bai ƙara ba.

Gyaran bai ci sabon kaya ko ɗaya ba. Aka tallafi shimfiɗar da jak, aka sassauta kusoshi, aka zura ƙarfe aka dawo da ita har ramukan saitinta suka yi daidai da na bodi, aka ɗaure. Sannan ya sa aka sassauta kusoshin bushin da ke kwance, aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, aka sake ɗaure su a haka. Wannan ƙaramin abu yara da yawa ba a koya musu ba. Bushin da aka ɗaure ƙafa na reto a sama, da an sauke mota robarsa a murɗe take kwana ta tashi, tana iya ɗage gefe ɗaya, kuma ba ta daɗewa take yagewa. Da aka sake jan tef, bambancin ya koma 'yan milimita. Daga nan ne, ba kafin nan ba, ya ce a kai ta wurin masu saiti.

Ba na cewa makaniken farko ba shi da laifi ko kaɗan. Laifinsa ba wanda aka zarge shi da shi ba ne. Ya karɓi motar da ta sha duka bai tambayi tarihinta ba, bai auna ba, bai haɗa tsohon ƙarfe da sabo ba. Minti goma da tef da alli da sun tsare masa mutuncinsa. Da ya ce, "Alhaji, zo ka gani, ƙafarka ta dama tana baya tun kafin in taɓa," da ya zama gwani a idon mai mota maimakon abin zargi. Ni a ganina awo kafin kwancewa kariya ce ga mai gyara kafin ta zama kariya ga mai mota.

Ba kullum labarin ke ƙarewa a barso ba. Sau da yawa kayan ne da gaske, amma ba don jabu ba ne, don ba na motar ba ne. Suna ɗaya ba ya nufin ƙira ɗaya. Corollar da aka yi wa kasuwar Turai, wadda ta sauka a Duwala, da wadda aka yi wa Amurka, ta biyo ta Kwatano da Nijeriya ta shigo ta Gashiga, suna iya bambanta a wasu kayan ƙafa ko da shekararsu ɗaya. Tiriyangil na iya shiga, kusoshi su ɗauru, amma mazaunin boljoyin ya goce da santimita guda. Lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda motocin zamani ke ɗauke da ita tun farkon shekarun 1980, ita ce ke faɗin ainihin motar, ba sunan da ke manne a but ba. Akwai kuma mai sayen gefe ɗaya sabo, ɗaya gwanjo, bai san gwanjon daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi ba. Akwai motocin da kan shokazoba ɗinsu yana da fuska, da kibiya a jiki mai nuna inda zai kalla. In aka juya shi, saman ƙafar ya matsa, tsayuwarta ta canza. Haka bushin baya na wasu tiriyangil: robar tana da ɓangare mai tauri da mai rami, in aka danna ta a karkace sai ƙafa ta riƙa ja da baya duk lokacin da aka taka birki.

Masu Hiace da tsofaffin a-kori-kura nasu daban ne. A gabansu akwai sandar da ke riƙe hannun ƙasa kada ya yi gaba ko baya, da robobi da notuna a ƙarshenta. In aka sauya robobin ba a ƙirga zaren notin ba, ko aka jera su ba bisa tsari ba, ƙafa ta tashi daga wurinta. Tsayin gaban kuma da sandar murɗa ake saita shi, gefe ɗaya na iya fin ɗaya. A baya kuwa, inda ganyen sifirin yake, akwai kusar tsakiya da ke riƙe gadar baya, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, a mazauninta. Lodin buhunan masara da gyaɗa a kan hanyar burji yakan karya ta, gadar ta zame ta gefe ɗaya, motar ta riƙa tafiya a kaikaice. Mai ita ya auna ya ga gefe ɗaya ya gaza, ya hau kwance gaba, alhali ciwon a baya yake.

Wani abin da ya kamata masu sana'a su sani: akwai motocin da kamfani da kansa ya ƙera su gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Renault 4, wadda ta fito a 1961 kuma ta yi zamani a ƙasashen da Faransa ta raina, tazarar ƙafafunta ta bambanta da santimita 4 zuwa 5 tsakanin dama da hagu. A Renault 16 ta 1965 bambancin ya kai santimita 7. Dalili shi ne sandunan murɗa na baya an jera su ɗaya gaban ɗaya, don haka ƙafar baya ɗaya ta riga 'yar'uwarta. Waɗannan motoci sun yi tafiyarsu lafiya, domin an lissafa abin tun a takarda. Shi ya sa tef kaɗai ba ya isa, sai an san abin da ƙirar motar ta ce.

Inda na fi jin tsoro shi ne magungunan ɓoye ciwo. Na ga inda aka sa zarto aka faɗaɗa ramin kusa don ƙafa ta dawo tsakiya. Na ga inda aka kunna wutar gas aka gasa tiriyangil aka miƙe shi da guduma. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfin da aka gina shi da shi, kuma ba ya sallama kafin ya karye. Wanda ya taɓa saukowa gangaren dutsen Mbe, inda hanya ke barin tudun Adamawa mai sama da mita 1,000 tana kwana-kwana zuwa kwarin Binuwai, ƙafa a kan birki, tirela a gaba, tirela a baya, ya san abin da nake nufi. Rayukan mutum bakwai ko goma sha takwas ne a kan wannan ƙarfe. In duk awo ya nuna kaya lafiya, barso a wurinsa, amma awon kusurwa zuwa kusurwa a ƙarƙashin mota, daga gaban dama zuwa bayan hagu da daga gaban hagu zuwa bayan dama, bai zo ɗaya ba, to bodin ne ya murɗe. Wannan aikin mai jan shasi ne, kuma gara a faɗa wa mai mota gaskiya ko da za ta yi masa ɗaci.

Na'urar saiti ma, da ake kira paralelizim a nan, alaimen a ƙetaren iyaka, mutane sun ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A yawancin ƙananan motocinmu abu ɗaya kawai ake iya juyawa, wato tayarod, wanda ke sa tayoyi su kalli gaba sak. Ba ya dawo da ƙafar da ta matsa baya. Ƙafar da ta ja baya ta ƙasa ta rage jinginar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, kuma mota takan ja zuwa gefen da jinginarsa ta gaza. Sai direba ya wuni yana riƙe da sitiyari kamar mai kokawa, ya ɗauka halin motar ne. Saitin tayarod ɗin kuma ba abin rainawa ba ne. Lissafi ne mai sauƙi: tayar da ta kauce da digiri 1 ana jan ta a kaikaice kusan mita 17 a kowane kilomita. A tafiyar kilomita 200, kamar Garwa zuwa Marwa, ta goge kwalta a gicciye fiye da kilomita 3. Abin da ke cinye gefen sabuwar taya ke nan tun ba ta ga damina biyu ba.

Kafin a zargi ƙarfe da jan mota, a tuna cewa muna tuƙi a hannun dama, kuma ana gina hanya da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali ba ciwo ba ne. Taya ma da kanta tana ja. A musanya tayoyin gaba biyu, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya gefe, tayar ce.

Abin da nake roƙon iyayen gida a garejojin Yelwa da Jambutu da Rumde Ajiya bai fi ƙarfin kowa ba. Tef na mita 5, igiya mai ɗan nauyi a ƙarshe, alli, da wuri guda mai daɓe daidai. Kafin yaro ya sa jak, ya rubuta lambobi huɗu a gaban mai mota: tazarar ƙafafu a dama da hagu, tsayin gaba a dama da hagu. In za a taɓa kusoshin barso, a zagaye wosharsu da fenti tukuna. Sabon ƙarfe a kifa shi a kan tsoho kafin a ɗaura, tsohon kuma a miƙa wa mai mota ya ajiye har sai aiki ya tabbata. Bayan tafiyar farko mai nisa, musamman a kan burji, a sake jan tef ɗin. In lambar ta motsa, akwai kusar da ba ta ɗauru ba ko bushin da ya riga ya saki, kuma a ranar ya kamata a koma gareji, kafin a ɗauki fasinja.